Ranar Da Yaya Fuensanta Ta Fito Da Kujerarta

Kordoba, ƙarshen Satumba.

Zuwa ga ƙanena Baldomero,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ku cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Ursula da su 'yarka Katrin da jikoki, Ya kuma tsare ku daga sanyin Jamus da na ji an ce ya fara leƙowa tun yanzu. Yaya ƙafar? Ursula ta tsegunta mini cewa likita ya hana ka gishiri da naman alade, amma ka ɓoye cinya guda a ɗakin ajiye mota, kana shiga kana yanka kana ci a tsaye. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya kuma sa ka ji maganar likita, tunda tamu dai ba ka taɓa ji ba. Mu nan muna lafiya gwargwado. Zafin bana ya ƙi sakin mu, gwiwoyina kuma na nan yadda ka san su, in na hau bene sai na zauna na huta kafin in tuna abin da ya kai ni. Lemon da Baba ya dasa ya yi 'ya'ya har reshe ɗaya ya karye. Jikar maƙwabciyarmu Pura ta haifi namiji, ƙato, an yi masa baftisma a cocinmu, an sa masa wani suna na talabijin da har yau ban iya faɗa ba.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna alhali ga waya. To a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ranar Lahadin nan da ka kira, tun daga gaisuwa har sallama kai kaɗai ka yi ta zuba, ɗanka Matias kaza, ɗanka Matias kaza, wai ya farfaɗo da al'adar unguwarmu, wai har wata jarida ta can ta buga hotonsa a ƙofar gidanmu, wai kai da Ursula za ku zo watan gobe ku zauna ku sha iska kamar lokacin da muke yara. Na ce maka tukunyata na ƙonewa, na ajiye. Ban ɗora komai a wuta ba, Baldo. Tsoro na ji kada bakina ya faɗi abin da har mu mutu ba za mu shirya ba. Yanzu na huce daidai yadda zan iya riƙe biro, sai ka zauna ka karanta har ƙarshe, domin maganar Yaya Fuensanta ce da zamanta a gidan da aka haife mu.

Tunda ka bar garin nan kana saurayi, bari in tuna maka abin da kake taƙama da shi a gaban Jamusawa. Shan iskar nan ba wani abu ba ne. In rana ta faɗa bayan katangar coci, kowace mace ta yayyafa ruwa a ƙofarta, ta jawo kujerarta ta zauna. Ba a gayyatar kowa, ba a dafa wa kowa komai, tulun ruwa ne kawai ke zagayawa. A yi gulmar wadda ba ta fito ba, a yi ta wadda ta fito in ta shiga fitsari, a zagi magajin gari, a lissafa wanda ya mutu da wanda ya kusa. Wani maraicen ma ba a cewa komai. Na sha ganin Salvadora, matar marigayi mahauci, da duk bakin nan nata, ta zauna har a tashi ba ta ce uffan ba sai “kai, wannan zafi”. Gidajenmu ne ke gasa mu, wutar lantarki kuma da tsada, shi ya sa muke fitowa. Babu abin kallo a cikin abin ko kaɗan.

Abu ɗaya ne a cikinsa mai nauyi, shi ne kuma wanda ba ka gaya wa ɗanka ba, ko don ka manta, ko don ba ka taɓa lura ba. A layinmu, matar da mijinta ya mutu ba ta fitowa shan iska, kuma ba a kiran ta. Ba a ce mata yaushe za ki fito, ba a ce mata mun yi kewar ki, ba a ma ambaton zaman ƙofa a gabanta, don kada ta ga kamar an gaji da kukanta. Ita za ta zaɓi ranarta. Ran da ta fito kuwa ba mai ɗaga kai. Ta kusa da ƙofar ta ja kujera ta ba ta wuri, mai magana ta ci gaba da maganarta kamar jiya ma da ita aka zauna. Bayan rasuwar Baba kana ƙarami, amma ni ina tsaye a soro ran da Mama ta fito. Uwar Salvadora na cikin bayanin yadda aka cuce ta a awon wake, ta matsa gefe ko yawu ba ta haɗiye ba, ta ce, “Ke Rafaela, ke ma ai wajensa kike saye, ki faɗi gaskiya, ba ɓarawo ba ne?” Mama ta ce ɓarawo ne tun kakansa. Shi ke nan ta dawo cikin mutane. Da wata ta rungume ta ko ta ce sannu da fitowa, da ta juya ciki, kuma da wuya mu sake ganin ta a ƙofa.

Ka san tun da mijin Yaya, Isidoro, ya rasu gab da Kirsimeti ta shige. Ka zo jana'iza ka koma, ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Ta bar ɗakinsu ta koma ƙaramin ɗakin baya na kusa da rijiya, ta sa baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, ba ta zuwa ko'ina sai coci da sassafe. Kunnenta ya ƙara nauyi. Ni ke kai mata abinci, ta ci rabi ta ce ta ƙoshi. 'Yarta Marisol kuwa ta sa ta a gaba da waya, wai ta tattara ta koma wajenta a Getafe, can gefen babban birnin ƙasa, ga ɗaki an gyara mata, ga asibiti kusa. Ban ga laifin Marisol ba, uwarta ce. Amma na je gidan nan na gani. Can ƙololuwar wani dogon bene yake, in ka leƙa taga motoci kawai kake gani, maƙwabta kuma in kun haɗu a na'urar hawa benen kowa ƙafarsa yake kallo. Yaya ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ni kuwa na san 'yar'uwata. In ta fito ƙofa ta zauna cikin matan da suka tsufa tare, ta zauna ke nan, ba mai ɗaga ta daga gidan nan sai masu ɗaukar gawa. In ba ta fito ba, wata rana Marisol za ta zo da mota. Don haka duk bazarar nan ba abin da nake jira sai fitowarta.

Ana haka sai ga ɗanka, wajen Ista, da gemu da gajeren wando da kwamfuta a jakar baya, wai ya gaji da aikin ofis, ya zo neman asalinsa. Mutum ya haura talatin yana neman asali kamar wanda ya yar da makulli. Na karɓe shi hannu biyu, jininmu ne, na share masa ɗakunan nan naka na bakin soro, na yi masa farfesun jelar bijimi har ya suɗe kwano. Yana da ladabi, wannan ba zan hana masa ba, irin ladabin nan da za a riƙe maka ƙofa ana taka maka ƙafa. Harshenmu ma yana ji, sai dai in yana magana sai ka ce mai karanta labarai ne mura ta kama. Da zafi ya kankama muka fara fitowa, ya zauna da mu wani maraice yana ta kalle-kalle, can ya ce, “Gwaggo Nati, kun kuwa san abin da kuke da shi? A can fa biya ake yi a koya wa mutum yadda zai zauna bai yi komai ba.” Salvadora ta ce, “To kawo su mana, ɗan Baldo, in sun ƙara wani abu ma sai in koya musu minshari.” Muka yi dariya. Ashe shi a wajensa an ƙulla yarjejeniya ke nan.

Ba a jima ba sai ga mota ta sauke kujeru sababbi fil. Da idona na ga ɗanka a saman rufi inda muke shanya yana dukan su da sarƙa, yana goga musu toka, wai don su yi kama da tsofaffi. Ya raɗa wa abin suna Maraice Ba Gaggawa, ya sa a intanet, mutane suka fara biya tun daga ƙasashensu. Baldo, da ka ga rashin gaggawar! Yana da lokacin farawa da lokacin tashi, domin daga nan wajen kallon rawa za a wuce da su. Ɗanka na tsaye da agogo a hannu da 'yar ƙararrawa. In ya kaɗa, a miƙa musu miyar tumatir mai sanyi a wasu 'yan kofuna irin na maganin tari. In ya sake kaɗawa, a koya musu fifita. Mutum da furfurarsa, ya hau jirgi ya ƙetare teku, a tsaya ana nuna masa yadda ake kaɗa mafici. Sannan a ɗaga tulu a koya musu shan ruwa daga nesa, su jiƙe rigunansu sharkaf suna tafi. Daga ƙarshe ya ce yanzu lokacin shiru ne, kowa ya rufe ido ya saurari tsohon gari, su kuwa su rufe ido ɗaya, ɗayan na kan waya. In Amurkawa ne ya ce musu al'adar daga Larabawa muka gada, in Faransawa ne ya ce tun zamanin Rumawa take. Na tambaye shi wanne ne gaskiya a ciki, ya ce, “Gwaggo, su labari suke so.”

Ba zan wanke matan layinmu ba, da fari sun ji daɗi. Pura har gyaran gashi ta je, ta fito da 'yan kunnen aurenta, ta zauna tana murmushi sai ka ce hoton kalanda. Amma ya za ki yi gulmar surukarki an kafa miki waya a hanci? Hira ta mutu. Muka koma zama a miƙe, gwiwa a haɗe, ba mai iya sosa inda ke mata ƙaiƙayi. Wata rana wani dogon mutum ya durƙusa gaban Salvadora yana ɗaukar hoton silifas ɗinta, ta dube shi ta ce, “Kai dogon banza, uwarka ba ta da ƙofa ne da sai ka zo tamu?” Ɗanka ya fassara masa cewa tsohuwa ta sa masa albarka irin ta mutanen da, mutumin ya dafa ƙirji har da ƙwalla. Abin da ya ƙarasa mu shi ne da jikan Pura ya kira daga Barselona ya ce ya ga kakarsa a waya tana barci baki buɗe, an sa mata kiɗan jita, duniya na kallo. Pura ta yi kwanaki ko kasuwa ba ta leƙa ba.

Ka san inda suka koma? Bayan babban kantin nan na bakin titi, wajen ajiye motoci, gefen kwandunan shara. Akwai wata katangar siminti da ke ba da inuwa, ba fure, ba tarihi, ba wanda zai biya ko sisi ya gani. Kowace ta rataya kujerarta a kafaɗa ta tafi, da warin ruɓaɓɓen kabeji da komai, amma a nan ne na sake jin Salvadora ta yi dariya har da buga cinya. Layinmu kuwa aka bar wa 'yan yawon buɗe ido, suna zaune suna kallon juna. Na taɓa leƙowa ta taga na ga wasu 'yan Holan suna ɗaukar wasu 'yan Kanada hoto a sace, kowane ɓangare na zaton ɗayan ne 'yan gari. Da ɗanka ya ga kaya sun ƙare a shago, sai ya ɗauko wasu mata biyu daga ƙungiyar wasan kwaikwayo, ya yafa musu baƙin mayafi mai kauri a tsakiyar Agusta, ya ba su saƙa su riƙe. Na same shi na ce ya kwashe tarkacensa daga ƙofar gidan da ake makoki, ya yi mini murmushi ya ce titi na hukuma ne kuma ya sami izini, ɗakunan kuma na babansa ne, “kuma Baba ya ce in ci gaba, Gwaggo, har alfahari yake yi.” Ka ji inda sunanka ya shigo.

Za ka ce me ya hana mu gaya wa Yaya. Na san za ka ce, don kai da ɗanka duk abin da ya zo muku baki sai ku faɗa, ku kira shi gaskiya. Mun yi shawarar da Salvadora a gindin katangar nan. Ta ce, “Ke Nati, da wane bakin za ki fara? Ki ce mata Yaya in za ki fito kada ki fito nan, ki fito can? Ai kin ce mata fito ke nan.” Haka ne kuwa. Ba yadda za a gaya mata zaman ya tashi ba tare da an ambaci zaman ba, wadda ta ambata kuma ta kore ta daga makokinta. Muka ɗauka cewa mace irin Yaya, da ta yi shekara hamsin da ɗoriya da mutum ɗaya, ba za ta fito ba sai ta cika shekara. Kafin nan sanyi ya shigo, masu yawo sun ɗauke ƙafa, kai kuma in ka zo mu kama kunnenka ka ja wa ɗanka nasa. Muka rufe bakinmu don girmama ta, kamar yadda iyayenmu suka koya mana.

Ranar Alhamis ta makon jiya da yamma ina sama ina kwashe shanya, ban riga na tafi wajen su Salvadora ba, na leƙa tsakar gida sai na ga Yaya ta fito daga ɗakinta. Ta taje kanta ta ɗaure shi tsaf, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta goge takalmi, ga 'yar kujerarta tana ja da hannu ɗaya, ɗayan na dafe da bango. Baldo, na yar da zanen gado na kamo matakala, amma ka san gwiwoyin nan, kafin in sauko ta shige soro. Ko da na cim mata ma me zan ce? Na tsaya a duhun soron ina kallon bayanta. Ta ɗaga ƙafa ta ƙetare dokin ƙofa, kanta a ƙasa kamar yadda ake yi, don ta sauƙaƙa wa mutane rashin kallon ta. Tana jira ta ji an ja kujera an ci gaba da hira.

Shiru ta ji, sannan ƙararrawa. Ɗanka ya zabura da ladabinsa, ya karɓe kujerar daga hannunta, ya kai tsakiyar titi ya dasa tana fuskantar jama'a, ya riƙo Yaya a gwiwar hannu ya zaunar da ita. Ya juya ya yi musu jawabi da Turanci, na tsinci sunanta a ciki, na tsinci na Isidoro. Sai suka tafa. Suka tafa wa yayarmu, Baldo, don mijinta ya mutu ta fito ƙofa. A nan ne ta ɗaga kai. Na ga tana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya tana neman wadda ta sani, ta tsaya a kan matan wasan nan biyu masu mayafi, ta daɗe tana kallon su, tana zaton wasu ne aka yi wa rasuwa ba ta ji ba. Wayoyi kuwa duk sun tashi sama. Wata mata mai malafa ta matso ta shafa hannun rigarta ta yi tambaya, ɗanka kuma, da yake ba a koya masa abin da ake haɗiyewa ba, ya sunkuya saitin kunnenta ya fassara da ƙarfi: “Gwaggo Fuensanta, wai tana tambaya, kullum kike sa kayan nan, ko sai ranar da ake wasa?” Yaya ta ce, “Ka ce mata tun da mijina ya mutu.” Ya juya musu, suka yi wani nishi gaba ɗaya, irin na wanda ya sami abin da ya biya.

Na fito zan ɗauke ta, ta ɗaga mini hannu ta ce in bari. Ka san tarbiyyar Mama, wanda ya zauna a ƙofarka ba ka tashi ka bar shi. Ta zauna a nan tsakiyar titi, bayanta a miƙe, har aka gama shan miya, aka gama darasin fifita, aka yi shirun agogo. Da wani tsoho ya ƙware da ruwan tulu ma ita ta ce a buga masa baya. Sai da aka kaɗa ƙararrawar tashi suka jeru za su wajen rawa, sannan ta miƙe ta ce su sauka lafiya. Ta hana ni ɗaukar kujerar, ita ta ja abarta. Da ɗanka ya dawo ya same ni a kicin, fuskar nan kamar gonar auduga, ya ce wannan ne maraicen da ya fi kowanne tun da ya fara, ko za a roƙi Gwaggo ta riƙa fitowa ko da Alhamis-Alhamis ne. Ludayi ne a hannuna. Allah kaɗai Ya san abin da ya sa har yanzu kana da ɗa mai haƙora.

Washegari da safe na kai mata kofi da gasasshen burodi da man zaitun, na same ta zaune a bakin gado. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, “Nati, tun yaushe su Salvadora suka daina zama?” Na gaya mata tun tsakiyar bazara, na gaya mata dalili da inda suka koma. Sai ta ce ita kunnenta ba ya kawo mata magana daga titi, amma ƙarar jan kujera a kan dutse tana shigowa ta soro har ɗakinta. Ta ce kullum da yamma takan zauna ta saurara, ta ce wannan ta Salvadora ce, wannan mai nauyin ta Pura ce, sun fito, suna nan, wurina na nan. Ta ce da wannan ƙarar ta ci bazarar nan, ita ce ma ta ba ta ƙarfin taje kai jiya. Ashe kujerun ɗanka take ji. Na ɗauki farantin da ba ta taɓa ba na fita, na je bayan rijiya na yi kukan da ko a jana'izar Isidoro ban yi ba.

Kafin tsakar rana labari ya kai wa su Salvadora. Da yammar nan matan suka dawo gaba ɗayansu, har da wata da ta daina fitowa shekaru, aka turo ta a keken guragu. Salvadora ta tarar ɗanka na jera kujerunsa, ta ce, “Ɗan Baldo, ko ka shigar da su da ƙafafunsu, ko ka shigar da su itacen wuta.” Ya fara zancen izini, ta ce ya kawo takardar ta yi fifita da ita. Ya kwashe, ya kai mutanensa dandali. Muka yayyafa ruwa, kowace ta zauna a wurinta na da, muka bar gurbi a gefen ƙofarmu. Pura ta ɗauko zancen surukarta da ƙarfi yadda zai shiga soro, muka riƙa jan kujeru a kan dutse ba gaira ba dalili. Ba wadda ta kalli ƙofar, wuyanmu har ya ƙage don kada mu kalla. Muka zauna har fitilun titi suka kama. Haka muka sake yi washegari. Ba ta fito ba.

Ranar Lahadi, matan na zaune, na karya doka. Na shiga na ce, Yaya, su ne fa, na gaske, suna ƙofa, Salvadora har ta kori yaron. Ta ce ta sani, ta ji su, ta kuma gode. Na ce to ki zo mana, ba wadda za ta ɗaga kai, na rantse miki. Ta kama hannuna ta ce, “Nati, yanzu ai duk kun san abin da kuke ƙin kallo. Fitar nan sau ɗaya ake yin ta, ni kuwa na riga na yi tawa.” Da kanta ta kira Marisol. Ranar Asabar mai zuwa za a zo da mota. Ta raba tukwanen furanninta, ta ba Pura keken ɗinki, kayan Isidoro ta ce a kai coci. Na tambaye ta ko a sa kujerar a mota, ta ce a can ba ƙofar da za a ajiye ta.

To ka ji al'adar da ɗanka ya farfaɗo da ita. Ban rubuto don in roƙe ka komai ba, lokacin roƙo ya wuce tun ran da ka ce masa ya ci gaba ba ka tambayi kowa ba. Kada kuma ka kira Yaya ka ba ta haƙuri. Za ta ce maka ba komai, yaro ne mai ladabi, kai kuma ka yarda ka kwanta ka yi barci, ni kuwa ban so ka yi barcin ba tukuna. Zancen zuwanku watan gobe, gidan ubanka ne, ba mai hana ka. Su Salvadora sun koma bayan kanti, ɗanka ya dawo da kujerunsa, jiya ma yana tambayata ko wani zai shiga ɗakin baya in an kwashe kaya, wai yana da haske mai kyau. Sai ka yi masa magana ya ajiye muku wuri kai da Ursula, na ji an ce sai an yi rajista da wuri.

Ka gaishe mini da Ursula da kyau, ita ba ruwanta, ka ce na gode da man gwiwar da ta aiko. Ka gai da Katrin da mijinta, ka shafa mini kan yara. Pura na gaishe ka. Salvadora ma ta ba da saƙo, amma ba zai rubutu ba. Na tambayi Yaya ko tana da abin da za a gaya maka, ta ɗago daga akwatin da take shiryawa ta ce a ce ka riƙa sa rigar sanyi, don tun kana yaro ƙirjinka ba shi da ƙwari. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Natividad